Har Sai Ya Yi Fari

Litinin, da safe

Na koma aiki. Mai gadi ya yi mini gaisuwa a bakin ƙofa, masu shara sun yi, har wata da ba ma ga maciji da ita ta rungume ni. Kowa ya ce ya haƙuri, na ce da godiya. Masu ƙarawa da "wai yaya abin ya faru ne?" na ce musu kwana ne ya ƙare. Ƙanena ne ya rasu, autanmu, ba labarin rediyo ba ne da zan riƙa maimaitawa.

Ɗakin aikinmu yana nan yadda na bar shi a ƙasan asibiti. Farar fitila, sanyi, da injin girgiza yana ta kai da komo da kwalabe a kansa. Na wanke hannu har gwiwa, na sa riga da hula da safar hannu. Rigar ta ɗan yi mini yawa.

Litinin, da rana

Babba, shugabar sashenmu, ta kira ni ofis. Akwai bawul ɗin zuciya ɗaya a firji yana jiran wanki. Akwai kuma yarinya 'yar shekara goma sha biyu a sama, ɗakin yara, tana jiran sa. Nata tun haihuwa ba shi da kirki, yanzu ya gaji gaba ɗaya. Likitan tiyata ya ce in aka sa mata na roba ba zai girma da ita ba, sai a yi ta buɗe mata ƙirji, zuciyarta kuwa da ƙyar za ta ɗauki buɗewa ɗaya. Wannan na firjin shi kaɗai ne ya yi daidai da ita.

Da Dogo ne zai yi, abokin aikina, amma ya yanke a hannu wajen buɗe gwangwani, wurin ya yi ruwa. Mai ciwo a hannu ba ya shiga ɗakin wanki.

Babba ta ce, "Za ki iya?"

Na ce, "Me zai hana, ranki ya daɗe?"

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce to, in fara gobe.

Talata, da hantsi

Duk wanda ya tambaye ni sana'ata ina ce masa wanki da guga, ban da gugar. Ba ƙarya nake yi ba. Bawul 'yar ƙofa ce ta nama a cikin zuciya, tana buɗewa jini ya wuce, ta rufe kada ya dawo. In mutum ya rasu aka ba da tasa, ba a ɗaukar ta haka a sa wa wani, don jiki ya san nasa, in ya ji ƙwayoyin halittar baƙo sai ya tashi da faɗa. Aikinmu shi ne mu wanke ƙwayoyin mai shi da wani sabulu na musamman har su fita tas, a bar saƙar naman kawai, fara, ba ta kowa ba. In an ɗinka wa mara lafiya, ƙwayoyinsa su shiga su tare a ciki, ta zama tasa, ta girma da shi. Kamar gida ne da masu haya suka kwashe komai suka tashi.

In wankin bai isa ba, jiki ya ƙi shi. In ya yi yawa, saƙar ta ruɓe. Tsakanin nan muke cin abinci.

Na fito da kwalbar. Ba a rubuta suna, lamba ce, sai ranar da aka cire, da shekarun mai shi, da namiji ne ko mace. Na karanta sau ɗaya. Ranar na san ta. Shekarun ma na san su.

Na zuba sabulu, na ɗora a kan inji.

Talata, da yamma

Ja ne sosai. Na canza ruwa.

Laraba, da safe

Ni na ce eh a ranar, da likitocin suka tambaya ko za a ɗauki sassan jikin ƙanena. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa in ya riga mu a kwashe duk abin da zai yi wa wani amfani, har ƙwaƙwalwar, tunda sabuwa ce fil, bai taɓa aiki da ita ba. Inna tana wurin duk lokacin da yake wannan shirmen, tana jifan sa da takalmi. Amma da ranar ta zo, ita ba ta iya magana ba, ni na iya. Tun daga nan maganarta da ni ba ta wuce "abinci na kicin."

Ban ga laifinta ba. Ni ma da zan samu yadda zan daina yi wa kaina magana da na huta.

Laraba, da rana

Wani mutum ya tare ni a baranda wajen matakala. Doguwar riga, ido ya faɗa, yana riƙe da fulas.

"Malama, an ce ku ne masu wankin?"

Na ce mu ne.

"Ni ne mahaifin yarinyar. Yaushe zai bushe?"

Na ce ba a shanyawa. Ya yi dariya, sannan ya ba ni haƙuri, ban san na mene ba. Ya ce yanzu daga gado zuwa banɗaki sai ta huta a hanya, leɓenta ya yi duhu, amma bakin yana nan, nas-nas duk sun san ta. Ya ce ta aiko shi da tambaya: in aka sa mata, za ta fara son abin da mamacin yake so? Don ita ba ta cin albasa, kuma ba ta da niyyar farawa.

Na ce ya gaya mata ta kwantar da hankalinta, babu abin da zai rage na mai shi.

Ya ce, "Kun san ko waye?"

Na ce ba ma sani, lamba ake ba mu.

Ya ce, "Allah ya jiƙansa, ko waye." Na ce amin, na sauka ƙasa na canza ruwa.

Laraba, bayan magariba

Inna ta yi mini magana. Ina wanke kwano ta zo ta tsaya a bayana. Ƙanwarta ce ta kawo mata labari, ita kuma ban san inda ta samo ba, matar nan ko ƙuda ya yi tari a asibiti sai ta ji.

"Wai gaskiya ne abin nasa za a sa wa wata yarinya?"

Na ce ba a faɗa mana.

"Ke nake tambaya."

Na ce eh.

"Zai ci gaba da motsi ke nan? A jikinta?"

Na ce eh. Ta ɗauki faranti ta zuba abinci da kanta. Yau ne na fara ganin ta cinye abin da ta zuba. Ban yi mata bayanin sabulu ba.

Alhamis, da safe

Ya dawo ruwan hoda. Na canza ruwa.

Alhamis, da yamma

Kusan duk ya yi fari. Sai wuri ɗaya a gindinsa, inda naman ya fi kauri, akwai ɗan ɗigon ja da bai kai ƙwayar wake ba. Na ɗaga kwalbar a fitila na daɗe ina kallo.

Dogo ya ƙwanƙwasa gilashi daga waje, ya nuna mini agogo, wai an tashi. Na ɗaga masa hannu ya tafi.

Injin nan yana da ƙara. Shekara da shekaru ban taɓa lura ba. Na kashe shi don in ji shiru kaɗan. Na zauna a kan kujerar ƙarfe. Daga baya na cire riga, na kulle ƙofa, na tafi gida.

Juma'a, da sassafe

Na tarar da injin a kashe. Na kunna.

Juma'a, da rana

In ba girgiza, sabulu ba ya ratsa nama mai kauri. Wannan ko sabon ɗalibi ya sani. Lokacin da aka ƙayyade wa sabulu ya cika, na cire shi na fara ɗauraya kamar yadda tsari ya ce. Ɗigon ya dushe, sai ka san wurin za ka gan shi. Wataƙila ya isa.

Dogo ya tambaye ni komai lafiya, na ce lafiya lau. Ya nuna mini hannunsa, yana ta ƙorafi kamar wanda aka yanke wa ƙafa. Na ce ya gode Allah ba harshen ba ne, da sashen nan ya yi shiru.

Asabar

Ɗauraya. Ɗauraya ba ta san hutun mako ba. Na je, na canza ruwa, na dawo.

Lahadi, da yamma

Abokansa sun zo gaida Inna. Su biyar a kan tabarma, kowa yana kallon yatsun ƙafarsa. Ɗaya ya fara cewa, "Ai ranar da abin ya faru, ni da na san..." sai na tashi na ɗora ruwan shayi. Da na dawo sun koma maganar ƙwallo.

Inna ta gaya musu akwai wata yarinya. Ta ce, "Yana nan yana aiki, bai zauna ba." Suka ce Allah sarki. Ni na zuba sukari.

Litinin, da hantsi

Na yanki ɗan ƙanƙane daga gefe na aika ɗakin gwaji. Su za su duba ko akwai sauran ƙwayoyin mai shi. Doka ta ce daga wuri mafi kauri ake yanka. Na tsaya da almakashi a hannu na ɗan lokaci. Daga wuri mafi kauri na yanka.

Talata

Na canza ruwa.

Laraba, da rana

Mahaifin yarinyar ya koma kwana a baranda. An sa mata robar iska a hanci. Ya ce ta daina faɗa da nas-nas, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Ya miƙo mini shayi a murfin fulas, na ce na ƙoshi.

"Malama, ba gaggawa nake sa ku ba."

Na ce na sani.

"Kawai dai in kin shiga, ki san tana nan."

Na san tana nan. Ina jin haushinsa, kuma bai yi mini komai ba.

Alhamis, da safe

Sakamako ya fito. Akwai saura, fiye da abin da aka yarda da shi. Ba za a sa wa kowa shi a haka ba.

Alhamis, da rana

Babba ta rufe ƙofar ofis da kanta.

Ta ce, "Shekararki nawa a nan ba a taɓa dawo miki da wanki ba. Ruwa ba ya tsami banza."

Na ce injin ya kwana a kashe ranar Alhamis.

"Wuta aka ɗauke?"

Na ce a'a.

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ta ce, "Kin san na waye?"

Na ce, "Lamba ce, ranki ya daɗe."

"Haka ne. Lamba ce. Da ina da wani hannun da ban ba ki ba. Wannan laifina ne. Kashe inji da yin shiru kuma naki ne, za mu yi maganarsa in an gama, ba zan ce miki zai wuce haka nan ba."

Ta ce saƙar za ta iya ɗaukar wanki ɗaya nan gaba. Ɗaya. In aka yi na uku sai ta yage a hannun likita. In wannan bai fita ba, an yi asarar bawul ɗin, yarinyar kuma ba ta da wani. Hannun Dogo bai warke ba. Don haka ni ce dai, amma shi zai riƙa duba injin kafin a kulle.

Ta ce, "Tashi ki fara. Kada wankin hula ya kai mu dare."

Alhamis, da yamma

Ban so ya fita ba. Abin ke nan. Na ga ɗigon nan, na ce wannan ne kaɗai ya rage nasa a bayan ƙasa, kuma ni ce zan zubar da shi a rariya. Ina kewarsa har ƙirjina yana ciwo. Na kusa kashe 'yar mutane saboda abin da bai kai ƙwayar wake ba, kuma kunyar wannan ta fi ƙarfin bakina.

Ana cewa zuciya ba ta da ƙashi. Na riƙe da yawa a hannuna, gaskiya ne, babu.

Na haɗa sabon sabulu, na ɗora a kan inji.

Juma'a, da yamma

Dogo ya tsaya a bayan gilashi har na cire riga. Ya leƙa injin, ya leƙa ni, ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya ce, "Yaya, ni fa ba gadinki nake yi ba."

Na ce gadina kake yi, kuma ka yi da kyau. Ya ce to. Ya raka ni har bakin titi yana ba ni labarin surukarsa da ta zo kwana biyu ta shiga wata na uku.

Asabar, da safe

Na ɗaga kwalbar a fitila. Na juya ta ta kowane gefe. Babu ɗigon. Fari fat, har haske yana ratsa shi, 'yan ganyen ƙofar uku suna lilo a cikin ruwan.

Aiki ya yi kyau. Na zubar da ruwan sabulun a rariya, na buɗe famfo a kai kamar kullum.

Lahadi

Ɗauraya.

Litinin

Ɗauraya. Inna ta tambaye ni ko an sa. Na ce tukuna.

Talata, da rana

Na aika gwaji. An mayar da yarinyar ɗakin da ba a barin kowa ya shiga. Mahaifinta yana zaune a ƙasa, bayansa jingine da bango. Na bi ta ɗaya matakalar.

Laraba

Ba labari. Na goge teburin aiki sau biyu, na jera kwalaben da suke a jere.

Alhamis, da hantsi

Wanki ya fita. Babu saura, saƙar kuma tana da ƙarfi. Babba ta kira sama tun kafin ta zauna. Gobe da safe za a shiga da ita.

Ni na rufe kwalbar. Dogo ya ɗauka ya kai, da lafiyayyen hannun.

Juma'a, da yamma

Babu wanki yau. Na zauna a ɗakin, inji babu komai a kansa. Can bayan la'asar Dogo ya sauko da gudu ya ce an fito, bawul yana buɗewa yana rufewa, likita ya ce ya ɗinku kamar don ita aka yanka.

Na ce madalla. Na tambaye shi ko ya rufe firji da ya ɗauki ruwa ɗazu.

Litinin, da safe

Babba ta yi maganar da ta ce za ta yi. Za a ɗauke ni daga ɗakin wanki na wani lokaci, in koma wajen shirya kaya. Za a kuma sa doka kada kowa ya taɓa abin da ya fito daga danginsa, ko da sashen zai tsaya. Na ce daidai ne. Ta ce ba ta tambaye ni ko daidai ne ba.

Laraba, da rana

Na gan ta. Ban yi niyya ba, kaya na kai sama. Tana tafiya a baranda a hankali, hannu ɗaya a kan ƙirji, ɗayan riƙe da mahaifinta, tana yi masa faɗa wai yana saurin da ba ta ce ya yi ba. Siririya ce, leɓenta ya yi ja. Ba ta kama da kowa.

Mahaifin ya ce, "Ga malamar wankin."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Har yanzu dai ba na son albasa."

Na ce haka ake so.

Asabar, da yamma

Inna tana ninke kayan shanya a tsakar gida. Na zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Yarinyar nan fa?"

Na ce ta tashi, tana tafiya, an ce za a sallame ta.

"Jikinta bai ƙi shi ba?"

Na ce bai ƙi ba. Da na yi shiru a nan da shi ke nan. Amma na gaji da riƙe abin ni kaɗai.

Na ce, "Inna, babu komai nasa a ciki. Aikina ke nan. Na wanke shi tas, sau biyu, har sai da ba abin da ya rage. Shi ya sa jikinta bai gane baƙo ba ne."

Ta ci gaba da ninke rigar da ke hannunta. Ta daidaita wuyan, ta ɗora a kan sauran. Na ɗauka mun koma gidan jiya.

Sai ta ce, "Ke da sabulunki. Yaron da ko gidan da bai san kowa ba ya shiga, kafin ya zauna an zuba abinci da shi? Wa ya taɓa ce masa baƙo?"

Ban yi mata musu ba. Kuka ya zo mini, na bar shi ya zo. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta sauko da zanin gado daga igiya, ta miƙo mini gefe ɗaya, muka ninke.